Yara masu basira a ilimin kwamfuta: wa zai zauna da su?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

A watan Agustan 2018 wasu 'yan mata biyar daga makarantar sakandare ta Regina Pacis da ke Onitsha a Jihar Anambra suka je Amurka, suka dawo da lambar zinare ta rukunin ƙanana a Technovation, gasar ƙirƙirar manhaja ta 'yan mata ta duniya. Manhajar waya suka ƙirƙira mai suna FD-Detector, wadda ke karanta lambar da ke jikin kwalin magani don gane na gaske da jabu. Da App Inventor, wani dandalin gina manhajar waya na jami'ar MIT ta Amurka, suka gina ta, kuma kyauta ake amfani da shi a intanet.

An yabi yaran, sun kuma cancanci yabo. Sai dai a bayansu akwai jagorarsu, Uchenna Onwuamaegbu-Ugwu, wadda ta yi watanni tana zama da su, tana bin aikin daki-daki. Irin wannan mutum shi ne abin da ya yi mana ƙaranci a Arewa.

Basira dai muna da ita. Kwalejojin kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa tun 1977 suke yaye yaran da suka zama likitoci da injiniyoyi. Wanda ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano kuwa, zai ga matashin da ke buɗe cikin waya ya gyara abin da ya gagari mai digiri. Me ya sa ya iya? Domin ya zauna a gaban maigidansa, ya ɓata an gyara masa, ya sake ɓatawa an sake nuna masa. Rubuta manhaja ma haka ake koyonsa.

A makarantunmu da yawa kuwa, sai a raba kwamfutoci, a ɗauki hoto, a kulle ɗakin. Ɗalibi ya haddace sunayen sassan kwamfuta daga allo, ya ci jarrabawa, bai taɓa gina komai da hannunsa ba. Abin takaici ne ƙwarai.

Aikin jagora a nan yana da wuyar sha'ani. Yaro zai zo da burin gyara duniya, shi kuma ya taimaka masa ya rage shi zuwa abin da zai kammalu cikin zango guda: rajistar ɗalibai, ko lissafin bashin mai kanti, ko tunatar da uwa ranar rigakafin ɗanta. Ya karanta abin da yaron ya rubuta layi-layi, ya tambaye shi dalili. Idan manhajar ta ƙi aiki, ya daure ya bar shi ya gano matsalar da kansa. Malamin da ya rubuta wa ɗalibi aikin don a ciyo kofi, wallahi ya cuce shi.

Masu yin wannan aiki suna nan kusa. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna da sassan ilimin kwamfuta cike da ɗalibai 'yan ajin ƙarshe, ga kuma masu yi wa ƙasa hidima da waɗanda suka ci gajiyar shirin 3MTT na horar da matasa fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. A haɗa kowanne da yara uku ko huɗu, sa'o'i biyu a mako, a cikin harabar makaranta. A kuma nemo mata a cikin jagororin, domin iyaye da yawa ba za su bar 'yarsu ta tsaya bayan an tashi ba sai sun san mace ce za ta zauna da ita. Shugabannin makarantu su fara rubuta wa waɗannan jami'o'i tun a wannan zangon karatu.