Wai Ganin Likitan Ƙwaƙwalwa Ta Waya Shirme Ne?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum.

Tun ranar da muka taɓo zancen ganin likitan ƙwaƙwalwa ta waya a wannan fili saƙonni suke ta shigowa, kuma akwai guda ɗaya da ya tsaya min a rai, wallahi har yanzu ban huce ba. Wani bawan Allah ne ya rubuto ya ce wai duk wannan shirmen Turawa ne da 'yan boko, likitan da bai taɓa jikinka ba bai ɗora maka abin awo a ƙirji ba ta ina zai san ciwonka, mai damuwa ya tafi asibiti kawai, in ba haka ba ya yi haƙuri ya kama addu'a. To malam na ji, ya tafi asibiti. Wane asibitin?

Mu a Najeriya mun haura mutum miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwa da muke da su ba su kai 300 ba, su ma ɗin kullum jirgi kwasarsu yake zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya. A nan Arewa in ka ce asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, na Maiduguri, Dawanau a Kano, ka haɗa da sashen da ke asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da Shika, to ka kusa gama lissafi. Saboda haka mai cewa a bar waya a je a ga likita ido da ido, yana magana ne kamar likitan yana nan bakin kasuwa ya shimfiɗa tabarma yana jiran mutane. Ba ya nan malam. Yawancin mutanenmu in ka ƙwace musu wayar ba gaban likita ka kai su ba, gaban mai kemis ka kai su, ko kuma ka mayar da su ɗaki su ci gaba da shiru.

Ku ɗauki mai jego a ƙauye, ta haihu lafiya an yi suna an watse, sai ga shi wata biyu ba ta barci, abinci ba ya shiga, kuka take ba ta san dalili ba, jaririn ma in ya yi kuka ji take kamar ta gudu ta bar gidan, kuma kunya ba za ta bari ta faɗa wa ko uwarta ba don kar a ce wace irin uwa ce wannan. Me ake mata? A ce taifot ne, a sha magani. A ce olsa ce, a sha magani. Yaron kemis ya ƙirgo mata diazepam a leda don ta samu barci, ƙwayar da in jiki ya saba da ita rabuwa sai an sha wuya. In duk bai yi ba a ce iska ce ko kishiya ce ta yi mata sammu, shi kenan an buɗe wani sabon faɗan a gida. Alhali abin da ke damunta sananne ne, ciwon damuwa na bayan haihuwa, yana da magani kuma ana warkewa sarai. Wannan matar kake cewa kar ta kira kowa a waya, ta jira sai maigida ya samu kuɗin mota na mutum biyu da izinin uwar miji, su bi hanyar da mu duka mun san halin da take ciki, su isa a ce layi ya cika a dawo wani satin?

Sannan ga abin da ba ma son faɗa. A Kano kalmar Dawanau kaɗai zagi ce a bakin yara. Budurwa a gan ta sau ɗaya a ƙofar asibitin nan, ranar da aka zo binciken aure sai wani maƙwabci ya matso ya rage murya ya ce ai kun san tana da ɗan taɓi. Magidanci mai rumfa a kasuwa da fargaba ta hana shi sakat, zuciya na dukan uku-uku, gumi na karyo masa yana ji kamar yanzu zai faɗi ya mutu, an yi awon zuciya an ce lafiya lau, wannan mutumin ya gwammace ya shekara goma a haka da a ga motarsa a can. Amma a waya, ya rufe mota ko ya shiga ɗaki bayan isha'i, zai yi magana. Mu ne muka ɗora wa mutane wannan kunyar, sannan kuma mu ne za mu hana su 'yar ƙofar da ta rage?

Batun abin awo kuwa, haba. Ba karaya ba ce balle a ce sai an taɓa ƙashi. Babu gwajin jinin da ke nuna ciwon damuwa. Likita tambaya yake yi, yaya barcinka, yaya cin abinci, tun yaushe, abin da ka saba jin daɗinsa har yanzu kana ji, tunanin mutuwa yana zuwa maka. Masanin halayyar ɗan Adam kuma aikinsa dama zance ne, ya koya maka yadda za ka kama mugun tunani tun kafin ya kama ka. Duk wannan kunne da baki yake buƙata. An gwada an sake gwadawa, a ciwon damuwa da fargaba da ba su yi tsanani ba, zaman da ake yi ta bidiyo ko ta waya sakamakonsa ya yi kusa da na ido da ido. Lokacin korona, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce waɗannan cututtuka biyu sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a shekarar farko, da me kuke zaton likitocin duniya suka riƙe marasa lafiyarsu? In likita ya ga alamar abin daga maƙoƙo ne ko ƙarancin jini, sai ya tura ka awo a asibitin da ke kusa da kai, ai ba laifi ba ne.

Kuma a daina cewa na Turawa ne. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo a Aro ta Abekuta ya fitar da jinyar nan daga bayan katanga, ya zaunar da marasa lafiya a ƙauyuka tare da danginsu. A Zimbabuwe Dakta Dixon Chibanda tsofaffin mata ya horar, kakanni, suna zama a benci a harabar asibitin unguwa suna sauraren masu damuwa, aka auna aka ga yana aiki. 'Yan Afirka ne suka ce in mara lafiya ba zai iya zuwa ba a kai masa maganin inda yake. Addu'a kuwa ba mu da faɗa da ita ko kaɗan, amma wanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar addu'a yake yana haɗiyar magani, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa mana Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Bai ware ta ƙwaƙwalwa ba.

Inda zan ba mai saƙon nan gaskiya wuri ɗaya ne, shi ma ba wanda ya kawo ba. Wa ke ɗaya ɓangaren wayar? Yanzu duk wanda ya sayi farar riga ya iya kunna TikTok ya zama dakta, turo kuɗi in saka ka a gurup. A tambayi mutum sunansa da asibitin da yake aiki da lambar rajistarsa ta MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, likitan gaske ba ya fushi da wannan tambayar. Wanda ya rubuto maka ƙwaya a WhatsApp cikin minti biyu bai tambaye ka komai ba, rufe wayarka. Ko a Amurka an yi ta, a 2023 hukuma ta sa BetterHelp, kamfanin da ke haɗa masu damuwa da masu ba da shawara ta intanet, biyan dala miliyan 7.8 saboda miƙa bayanan masu neman taimako ga irin su Facebook don talla. Sannan wanda ke maganar kashe kansa, ko yake jin muryoyi, ko ya kwana uku bai runtsa ba yana ta surutai, wannan ba na waya ba ne, a ɗauke shi a kai asibiti yau ɗin nan, kar a bar shi shi kaɗai.

Amma 'yan damfara a waya ba hujjar hana waya ba ce, hujja ce ta cewa masu gaskiya sun bar filin ba kowa. A nan ne raina ya fi ɓaci. A watan Janairun 2023 shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da muka gada daga Turawan mulki, aka yi ta tafi. A ƙasar nan ne fa a 2019 aka bankaɗo wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna aka fito da mutum kusan 300, wasu da mari a ƙafa. To dokar ta zo, ina layin wayar da masu damuwa za su kira? Manhajojin da ake tallatawa a intanet da Turanci suke, wasu da dala ake biya, bidiyo suke so alhali sabis ɗin ƙauye ko hoto ba ya buɗewa, ita kuma mai jegon nan ƙaramar waya ce a hannunta, wani lokacin ma ta maigida ce sai ya dawo da dare. Kira take buƙata, na murya, da Hausa, wanda ba zai cinye mata kati ba, a ɗaya ɓangaren kuma a samu nas ko ma'aikaciyar lafiya da aka horar wadda ta san in mace ta ce zuciyata ce ke zafi ba lallai olsa take nufi ba, wadda in abu ya fi ƙarfinta za ta haɗa ta da likita a Barnawa ko Kware, magani kuma a karɓa a asibitin ƙaramar hukuma, a kuma gaya mata gaskiya cewa maganin damuwa sai ya yi sati biyu zuwa shida kafin a ji shi a jiki, kar ta watsar a kwana uku.

Kwamishinonin lafiya na Arewa, ranku ya daɗe, da shugabannin asibitocin nan, ku muke tambaya. Kamfanonin waya kullum suna turo mana saƙon waƙar kira da cacar ƙwallo ba mu roƙe su ba, layi ɗaya na masu damuwa ne ya gagara? Shi kuma bawan Allah da ya rubuto, layinmu a buɗe yake, ka kira ka faɗa mana sunan asibitin da ke garinku da ake ganin likitan ƙwaƙwalwa, da ranar da yake zama.