Español ko Castellano: Harshe Ɗaya, Me Ya Kawo Suna Biyu?

[Hoto: gidan kallon ƙwallo, ana tsakiyar wasan Madrid da Barcelona]

A irin wannan benci gardamar take tashi. Wani ya ce mutanen Ajantina "castellano" suke yi, mutanen Madrid kuma "español", saboda haka harsuna biyu ne. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce ai har Brazil ma Sifaniyanci ne. To jama'a, ku gyara zama.

Bari mu fara sallamar Brazil. Harshen Fotugal ake yi a can. A 1494 Sifaniya da Fotugal suka ja layi a taswira suka raba ƙasashen da suke mamayewa, gaɓar Brazil ta faɗa ɓangaren Fotugal. Shi ke nan, mu wuce.

[Taswirar Sifaniya, a haska tsakiyarta]

Ga inda ake tuntuɓe. Español da castellano harshe ɗaya ne. Nahawu ɗaya, ƙamus ɗaya. Ɗan Ajantina da ɗan Madrid za su sha hira har dare, sai dai karin magana ya bambanta, kamar Bakano da Basakkwace.

Castellano shi ne sunan asali, wato harshen Kastila, wata tsohuwar masarauta da ta samo sunanta daga gidajen yaƙi masu ganuwa da suka cika ta. Daga Latin, harshen tsoffin Romawa, harshen ya tsiro. A 1469 Isabella ta Kastila ta auri Ferdinand na Aragon, masarautun biyu suka haɗa ƙarfi. Sai 1492, shekarar da abubuwa uku suka faru a jere: Granada, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗi, matuƙin jirgin ruwa Kolumbus ya tsallaka teku zuwa nahiyar Amurka, wani malami mai suna Antonio de Nebrija ya wallafa littafin nahawun harshen na farko. A jikin littafin, castellana ya rubuta. Da Kastila ta zama ƙashin bayan ƙasar, sai harshenta ya ari sunan ƙasar baki ɗaya, aka koma cewa español. Hukumar kula da harshen, wadda aka kafa a 1713, ba ta sauya sunan ƙamusunta zuwa española ba sai a 1925.

To tunda an sami sabon suna, me ya hana a yar da tsohon?

[Hoto: tutoci masu ratsin ja da rawaya a filin wasan Barcelona]

Ku saurari taken da magoya bayan nan suke rerawa. Ba Sifaniyanci ba ne, Katalanci ne. A Bilbao akwai harshen Bask, wanda ba shi da dangantaka da Latin ko kaɗan. A Galishiya ma da nasu. Duk waɗannan mutane 'yan Sifaniya ne. Ku ɗauka a wayi gari a zaɓi harshe ɗaya cikin harsunan Najeriya a raɗa masa suna "Najeriyanci". Yaya sauran za su ji? Abin da ke cin ran mutanen Barcelona ke nan. Kuma ba su manta ba: a zamanin mulkin Janar Franco, daga 1939 zuwa 1975, an kori harshensu daga makarantu da ofisoshin gwamnati. Shi ya sa tsarin mulkin 1978 ya taka a hankali, ya ce castellano shi ne harshen hukuma na ƙasa, sauran harsunan kuma na hukuma ne a yankunansu. Ni dai a ganina sun yi adalci a nan, domin wanda aka taɓa hana shi harshen uwarsa ba ya ɗaukar suna da wasa.

[Taswirar duniya, ƙasashe na kunnuwa ɗaya bayan ɗaya]

A tsallaken teku kuwa, yawanci sabo ne kawai. Meziko ta fi cewa español, Ajantina da Peru sun fi cewa castellano. Ƙasashe 20 ne suka riƙe shi harshen hukuma, masu jin sa tun daga shan nono sun kusa miliyan 500. Meziko ce kan gaba, ta ninka Sifaniya fiye da sau biyu. A Amurka, sama da mutum miliyan 40 da shi suke magana a gida. Yana cikin harsuna 6 na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Kada ku ɗauka abin na nesa ne. Ga Ikwatoriyal Gini nan maƙwabciyar Kamaru, wadda ta sami 'yanci daga Sifaniya a 1968. Ka sauka Malabo, da Sifaniyanci za a karɓi fasfonka.

[Hoto: fadar Alhambra a Granada]

Hotunan sun kusa ƙarewa, amma wannan ba zan bar shi ba. Musulmi sun yi mulki a sassan Andalus daga 711 har 1492, Larabci ya bar dubban kalmomi a bakin mutanen. Sukarinmu su azúcar suke ce masa. Idan suna fatan wani abu sai su ce ojalá, asalinta "idan Allah ya so". Ranar da na fara jin alcalde kuwa sai da na sa aka maimaita mini. Daga al-ƙadi ta fito, tushe ɗaya da alƙalinmu. Mu muka bar shi a kotu, su kuma suka ba shi kujerar magajin gari.