Wa ya kama ɓarayin kurket?

Jama'a masu sauraro, wani bawan Allah ya aiko mana da saƙo yana cewa mun cika zuzuta maganar maguɗi a wasan kurket. Wai ɓata-gari ne ƙalilan, kuma hukumar wasan tana maganinsu. To malam, wace hukumar?

A watan Afrilun 2000, 'yan sandan birnin Delhi na Indiya suka bayyana cewa sun naɗi muryar kyaftin ɗin Afirka ta Kudu, Hansie Cronje, yana ciniki da ɗan caca ta waya. Ya musanta, shugabannin kurket na ƙasarsa suka tsaya masa, kwana kaɗan ya dawo ya amsa laifinsa. Mutumin da ake rantsuwa da amanarsa, ashe har rigar fata ya taɓa karɓa a matsayin toshiyar baki! 'Yan sanda ne suka tona asirinsa.

Sai hukumar kurket ta duniya, wato ICC, ta kafa sashen yaƙi da cin hanci. Madalla. Bayan shekara goma, a filin Lord's da ke Landan, Mohammad Amir na Pakistan, yaro ɗan shekara 18, ya sheƙo da gudu zai jefa ƙwallo, da gangan ya zarce layin da dokar wasan ta hana mai jifa ƙetarewa, da wawan taki da ko mai hakiya zai gani. Tun kafin wasan dillalin wasu 'yan wasan Pakistan, Mazhar Majeed, ya faɗi jifar da za a yi hakan, yana zaune yana ƙirga damman kuɗi, kyamara a ɓoye tana ɗauka. Fam 150,000. Ina sashen yake a lokacin? Jaridar News of the World ce ta tona asirin.

A 2013 kuma, aka kama 'yan wasa bisa zargin maguɗi a gasar kurket ta IPL ta Indiya. Wa ya yi kamen? 'Yan sandan Delhi dai. Haba jama'a! Sau uku ke nan maƙwabci na kama ɓarawo mai gadi yana minshari.

Masu cewa ƙetare layi sau ɗaya ba ya sauya sakamako, su daina yaudarar kansu. Wanda ya sayar da jifa ɗaya ya shiga hannu, gobe wasan ɗungurungum za a nema, kuma ba shi da bakin cewa a'a.

Kotun Landan ta yanke wa Amir wata shida, kyaftin ɗinsa Salman Butt wata 30. Wataƙila hakan ya razana wasu yaran, ban musa ba. Amma Sanjeev Chawla, wanda ake zargi shi ne a ɗaya bakin wayar Cronje, sai a 2020 Birtaniya ta miƙa shi ga Indiya. Cronje kuwa tun 2002 ya rasu a hatsarin jirgin sama.