Kakar Da Ta Hau Dandamali

Jama'a, barkanmu da yamma. Maganarmu ta yau kan matan Amurka baƙaƙen fata ce, masu sana'ar barkwanci, waɗanda mace ɗaya za ta tsaya gaban taro, daga ita sai makirufo, ta yi ta ba mutane dariya.

Bari mu fara da Moms Mabley, wadda sunanta na yanka Loretta Mary Aiken, 'yar jihar North Carolina. Ta yi shekaru tana yawon wasa a gidajen da aka keɓe wa baƙar fata a zamanin wariya, ta yi suna a gidan wasa na Apollo da ke unguwar Harlem a birnin New York, a 1962 kuma ta hau dandamalin Carnegie Hall, mashahurin zauren wasanni na birnin. Ku dubi shigarta: tsohuwar rigar zaman gida, hula a lanƙwashe, baki ba haƙora. Da wannan shiga take cewa tsohon miji ba shi da wani amfani a wurinta, ita saurayi take so. Ɗaki ya kece da dariya.

Ni a ganina nan hikimar take. Mun san wasan kaka da jika. Tsohuwa ta kira jikanta "mijina", ba mai ganin laifinta. Mabley ta gane cewa abin da budurwa za ta faɗa a tsine mata, tsohuwa za ta faɗa a tafa mata. Sai ta fake da tsufa ta yi maganar aure, da sha'awar mace, har da wariyar launin fata, a lokacin da faɗin haka ke iya jawo wa mutum bala'i. Ta rasu a 1975.

Na bayanta sun ajiye rigar kakar, suna magana da fuskarsu. Wata mai suna Wanda Sykes kan yi wasa da wahalar rainon tagwayenta. Amma wadda labarinta ya fi taɓa ni ita ce Tiffany Haddish. Tana yarinya mahaifiyarta ta yi haɗarin mota, ƙwaƙwalwarta ta taɓu, gida ya watse, hukuma ta raba yaran gidajen riƙo. Ita da bakinta ta ce ta koyi ba uwar dariya ne don ta tsira daga duka. Wallahi duk lokacin da na ji taro na dariyar wannan labari, sai jikina ya yi sanyi. A 2017 yarinyar nan ta zama baƙar mace ta farko cikin masu wannan sana'a da ta gabatar da Saturday Night Live, shahararren shirin barkwanci na talabijin a Amurka.