Yadda Ake Yi wa Kai Tambayar da Za Ta Kawo Gyara

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Yau za mu ga yadda mutum zai zauna ya yi wa kansa hisabi, ya tashi da abu guda da zai gyara.

Kayan aikin kaɗan ne: littafi, biro, da minti 10 zuwa 15 a lokaci guda kullum. Kada ka raina rubutun. Tunanin da aka bari a zuci yakan yi ta kewaya wuri ɗaya, amma idan ya sauka kan takarda dole ya samu farko da ƙarshe. A shekarar 1986 James Pennebaker, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya wallafa binciken da ya sa ɗalibai rubuta abin da ya taɓa girgiza su, minti 15 kullum har kwana 4. Waɗanda suka rubuta abin da ya faru haɗe da yadda suka ji, zuwansu asibiti ya yi ƙasa da na sauran a watannin da suka biyo baya.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne siffar tambayar. Ka ce wa kanka, "Me ya sa kullum nake haka?" Amsar da za ta zo ita ce "ni rago ne" ko "ba ni da haƙuri". Hukunci ke nan ka yanke wa kanka, kuma babu abin da za ka iya yi da shi gobe da safe. Binciken Edward Watkins na Jami'ar Exeter a Ingila ya nuna cewa irin wannan tunani na dunƙule yana ƙara saƙe-saƙe, shi kuwa bin abu dalla-dalla yana rage shi.

Saboda haka ka ɗauki lamari ɗaya tak daga yininka. A ce ka ɗaga wa abokin aikinka murya. Rubuta: me ya faru, ƙarfe nawa, me aka ce, me na ce? Sai kuma: me na ji a jikina kafin in yi magana? Wataƙila zuciyarka ta buga da sauri, wataƙila barcin awa 4 ka samu. Wannan tambayar ta fi sauran amfani, domin ita ke nuna maka alamar da za ka gane nan gaba. Sannan: wane ɓangare ne ke hannuna?

Idan abin ya yi maka zafi, kira sunanka kamar kana yi wa wani magana. Ethan Kross na Jami'ar Michigan ya gano cewa hakan na taimaka wa mutum ya dubi damuwarsa da sanyin rai.

Ka rufe da jimla ɗaya mai "idan", dabarar da Peter Gollwitzer, masanin halayyar ɗan Adam, ya yi bayaninta a 1999. "Zan ƙara haƙuri" ba ta isa ba. Rubuta: "Idan na ji raina ya fara ɓaci a taro, zan ja numfashi sau 3 kafin in amsa."

Ranar ƙarshen mako ka karanta shafukan bakwai, ka ja layi a ƙarƙashin abin da ya maimaitu. Idan kuwa ka yi mako 2 cikin baƙin ciki, ga rashin barci, ga rubutun na ƙara maka nauyi, ka ajiye littafin ka ga likita.