Yadda magajin gari da manaja suka share birnin Kansas

A garuruwa da yawa na Amurka, ba magajin gari ne ke gudanar da aikin yau da kullum ba. Jama'a su zaɓi kansiloli da magajin gari, su kuma kansilolin su ɗauki ƙwararre aiki, wanda ake kira manajan gari. Shi ke tsara kasafin kuɗi, shi ke ɗaukar ma'aikata, shi ke sallamarsu. An kawo tsarin ne don a raba aikin hukuma da siyasar uban gida.

Birnin Kansas na jihar Misuri ya rungumi tsarin a 1925, mutane na murna an kashe bakin 'yan siyasa. Ashe ba a nan take ba. Tom Pendergast, uban gidan 'yan jam'iyyar Dimokurat a birnin, ya samu kujeru 5 cikin 9 na majalisar gari, sai ya sa aka naɗa yaronsa Henry McElroy manaja a 1926. Daga nan kwangila ta zama ta gida. Pendergast yana da kamfanin kankare, kuma da kankarensa aka gina sabon ofishin magajin gari, har ƙasan wani rafi mai suna Brush Creek aka malale da shi. Aikin gwamnati kuwa sai mai kawo ƙuri'a. Pendergast ɗin nan ne ya ɗaga Harry Truman a siyasa tun kafin ya zama shugaban ƙasa.

A 1939 asiri ya tonu. McElroy ya ajiye aiki, Pendergast ya amsa laifin ƙin biyan haraji, aka kai shi gidan yarin Leavenworth.

A zaɓen 1940 wani lauya, John Gage, ya fito takarar magajin gari. Mata ne suka riƙe yaƙin neman zaɓen, suna maƙala ɗan ƙaramin tsintsiya a ƙirji, alamar za a share gari. Gage ya ci. Abin da ya fi burge ni da shi, bai nemi yaronsa ya ba wa kujerar manaja ba. Shi da kansiloli suka ɗauko wani injiniya, L. P. Cookingham, daga garin Saginaw na jihar Mishigan, baƙon da ba wanda yake binsa bashin siyasa a Kansas.

Cookingham ya tarar da gari cikin bashi. Ya rage ma'aikatan da aka cusa don siyasa, ya mai da ɗaukar aiki bisa cancanta, ya faɗaɗa iyakar birnin ta tsallaka kogin Misuri zuwa arewa. Gage ya tsaya masa har ya sauka daga kujerar magajin gari a 1946.

Shekara 19 Cookingham ya yi a kujerar. A 1959 aka zaɓi sabbin kansiloli da ba sa ɗasawa da shi, ya ajiye aiki, ya koma birnin Fort Worth na jihar Tekzas a matsayin manaja.