Lacca kan waken ado mai shuɗin fure, daga rikodin ɗin zaman masu lambu a Samaru

Assalamu alaikum iyayena da ƴan uwa, na baya kuna jina ko? Toh madalla.

Shukar da za mu yi magana a kanta yau masana na kiranta Clitoria ternatea, dangin wake ce, tana yaɗo ta hau katanga ko darni, furenta shuɗi shar da ɗan fari a tsakiya, akwai kuma mai fari zalla. Mutanen Asiya suka fi kowa amfani da ita, a Malesiya da ita suke rina shinkafa ta koma shuɗiya, a Tailan kuma shayi ake yi da furen, kana matsa lemun tsami a kofin sai kaga ya juye ya koma shunayya, ba tsafi bane, launin ne baya jure tsami.

Ni dai abinda yake damuna, mu nan Zariya sai mutum ya kashe kuɗi ya sayo fulawa mai ƙaya wadda banda kallo ba ta tsinana masa komai, alhali ga wadda za ta ƙawata maka gida kuma akuyarka ta ci ganyen, don a Ostareliya har gonaki ake shuka ta saboda shanu. Sannan in ka tuge ta ka duba saiwar za ka ga ƴan ƙulli-ƙulli irin na gyaɗa, a nan wasu ƙananan halittu da ido baya gani ke janyo sinadarin naitirojin daga iska, wato dai tana yi maka taki kyauta, a wannan tsadar takin yuriya kuwa ai ba abin rainawa bane.

Shukawar ba wuya, amma ƙwayar tana da taurin ɓawo, sai ka ɗan goga ta a dutse ko ka jiƙa ta ta kwana, ka shuka in damina ta zauna, ka kafa mata sanda ko waya, wajen wata 2 za ka fara ganin fure. Da hunturu za ta kaɗe ganye kamar ta mutu, kar ka cire, saiwar ta yi nisa a ƙasa, ruwa na sauka za ta tofo.

Hajiya na tambaya wai ko maganin suga ce kamar yadda ake yaɗawa a WhatsApp. Hajiya kar ki bar maganin asibiti saboda fure, ki sha shayinki don marmari kawai. Ƙwayar da saiwar kuwa suna sa gudawa, a hana yara taunawa, don kwanson na bushewa yake fashewa ya watsa ƙwaya a tsakar gida.